Binciken fahimta a kula da cututtuka masu daɗewa

Binciken fahimta a kula da cututtuka masu daɗewa rukunin hanyoyin bincike ne da ake bi don gano yadda masu fama da ciwo mai daɗewa, da iyalansu, da ma'aikatan lafiya suke ɗaukar ciwon, da yadda suke tafiyar da shi yau da gobe. Bayanan da ake tarawa maganganu ne da ayyuka da rubuce-rubuce, kuma ana samun su ta hanyar hira, da tattaunawar rukuni, da zama a asibiti ana lura, da naɗar ganawar likita da majinyaci. Binciken ƙididdiga yana amsa tambayar "mutum nawa" ko "kashi nawa", shi kuwa binciken fahimta yana amsa "ta yaya" da "don me". Wasu marubuta na kiransa binciken siffantawa.

Wannan fanni ya fi bunƙasa a asibitocin likitan iyali, musamman a Birtaniya, da Holan, da ƙasashen arewacin Turai, da Ostireliya, inda likitan unguwa da nas ɗinsa ne ke ɗauke da mafi yawan kulawar hawan jini, da ciwon suga, da asma, da ciwon zuciya. Babbar tambayar da yake ƙoƙarin amsawa ita ce dalilin da ya sa maganin da aka tabbatar da amfaninsa a gwaji yakan kasa yin aiki idan majinyaci ya koma gida.

## Dalilin buƙatarsa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan da ba a ɗaukarsu daga wani su ne sanadin kusan kashi 74 cikin 100 na mace-macen duniya. A wani rahoto da ta fitar a shekarar 2003, hukumar ta ce kusan rabin masu ciwo mai daɗewa ne kawai a ƙasashe masu arziki ke shan magani yadda aka rubuta musu.

Ciwo mai daɗewa ya sha bamban da zazzaɓi ko karaya, domin ba a warkewa a sallami mutum. Mai ciwon suga yana ganin likita ko nas sau kaɗan a shekara, kuma a Birtaniya an daɗe ana ware wa kowace ganawa kimanin minti 10. Sauran lokacin shi ne ke zaɓen abin da zai ci, da ranar da zai sha magani, da alamar da ta isa a je asibiti a kanta. Awon jini zai nuna cewa suga ya hau, amma ba zai faɗi ko kuɗi ne suka yanke ba, ko tsoron allura ne, ko kunyar shan magani a wurin aiki. Wannan giɓin ne binciken fahimta yake cikewa.

## Tarihi

A shekarar 1950 Michael Balint, likitan ƙwaƙwalwa ɗan asalin Hungary, ya fara zama da likitocin iyali a cibiyar Tavistock da ke Landan, suna tattauna majinyatan da suka gagare su. Littafinsa na 1957 ya jawo hankali ga cewa alaƙar likita da majinyaci ita ma wani ɓangare ce na magani. A 1976 Patrick Byrne da Barrie Long suka buga nazarin ganawa fiye da 2,000 da aka naɗa a kaset a ɗakunan likitocin iyali, inda suka nuna cewa yawancin likitoci na da salon magana guda ɗaya wanda ba su cika sauyawa ba, kuma sau da yawa su ne ke jan ragamar hirar.

A Amurka, masana zamantakewa Barney Glaser da Anselm Strauss sun fitar da hanyar gina ra'i daga cikin bayanai a 1967, bayan nazarin da suka yi a kan masu jinyar ajali a asibitoci. Daga baya Strauss da Juliet Corbin suka bayyana cewa mai ciwo mai daɗewa yana yin aiki iri uku a gida: aikin ciwon kansa, da aikin rayuwar yau da kullum, da aikin sake fahimtar ko shi wane ne bayan ciwon ya same shi. A 1982 Michael Bury ya yi hira da masu amosanin gaɓɓai a yankin Manchester, ya siffanta ciwo mai daɗewa da abin da ke katse wa mutum tsarin rayuwar da ya shimfiɗa wa kansa. Kathy Charmaz a 1983 da Arthur Kleinman a 1988 sun faɗaɗa wannan tunani.

Shigar hanyoyin cikin mujallun likitoci ta ƙarfafa a 1995, lokacin da mujallar BMJ ta buga jerin maƙaloli a ƙarƙashin jagorancin Catherine Pope da Nick Mays. A 2001 Kirsti Malterud, likitar iyali daga Norway, ta yi irin wannan bayani a mujallar Lancet. A shekarar ce kuma aka buɗe shafin intanet na DIPEx, wanda yanzu ake kira Healthtalk, inda ake ajiye hirarrakin majinyata don amfanin jama'a. Likitar iyali Ann McPherson ta Oxford da masanin magunguna Andrew Herxheimer ne suka assasa shi.

## Hanyoyin tattara bayanai

Hira mai jagora. Ita ce hanyar da aka fi amfani da ita. Mai bincike yana riƙe da jerin batutuwa, amma yana barin mai amsa ya yi magana da kalmominsa, yana kuma bin duk wani sabon zance da ya taso. Tambayoyin buɗaɗɗu ne. Maimakon a tambayi mutum ko yana shan maganinsa, sai a nemi ya ba da labarin yadda ya wuni da maganin jiya. Hirar kan ɗauki daga rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya da rabi, kuma an fi son yin ta a gida, domin a can ake ganin inda ake ajiye magani da wanda ke dafa abinci. A ciwo mai daɗewa akan maimaita hira da mutum ɗaya bayan wasu watanni, saboda ra'ayinsa a makon da aka gano ciwon yakan sauya bayan shekara.

Tattaunawar rukuni. Ana tara mutum kamar 6 zuwa 10 masu ciwo iri ɗaya ko aiki iri ɗaya. Amfaninta yana cikin yadda mahalarta ke amsa wa juna, da gardama, da raha, domin a nan ake jin abin da al'umma ta ɗauka daidai ne. Ba ta dace da batutuwan sirri ba, irin su raunin mazakuta ga masu ciwon suga, kuma idan aka haɗa likita da nas da magatakarda a zama ɗaya, na ƙasa sukan yi shiru.

Zama ana lura. Mai bincike yana shafe makonni ko watanni a asibiti, a wurin karɓar baƙi, da ɗakin nas, da taron ma'aikata, yana rubuta abin da ya gani. Wannan hanya tana fito da bambancin abin da mutane ke cewa suna yi da abin da suke yi.

Naɗar ganawa. Ana ɗaukar murya ko bidiyo da izinin ɓangarorin biyu, sannan a bi maganar daki-daki: wa ya katse wa, ina aka yi shiru, yaushe likita ya juya ga kwamfuta. Christian Heath na cikin waɗanda suka fara amfani da bidiyo a ɗakunan likitocin iyali na Birtaniya, kuma ya buga sakamakonsa a 1986.

Akwai kuma littafin tarihin yini da majinyaci ke cikewa, da hotunan da yake ɗauka da kansa, da nazarin takardun asibiti.

## Zaɓen mahalarta

Ba a zaɓen mahalarta ta hanyar ƙuri'a, ana zaɓensu ne da manufa, don a samu mabambantan mutane: maza da mata, matasa da tsofaffi, wanda ciwonsa ya lafa da wanda nasa ya ƙi lafawa, mai zuwa asibiti a kai a kai da wanda ya daina zuwa. Ana kuma neman mutumin da labarinsa ya saɓa wa na saura, domin shi ne ke gwada ƙarfin bayanin da ake ginawa.

An saba ci gaba da hira har sai an kai matakin da sababbin mahalarta ba sa kawo sabon abu. A 2006 Greg Guest da abokan aikinsa sun auna wannan da hirarraki 60 da aka yi da mata a Ghana da Najeriya, suka tarar cewa mafi yawan jigogin sun riga sun bayyana a hirarraki 12 na farko. Matan suna da kamanni da juna sosai kuma tambayar taƙaitacciya ce, don haka ba a ɗaukar 12 a matsayin doka. A 2016 Malterud da abokanta suka ba da shawarar a riƙa duba ƙarfin bayanan da kowane mahalarci ke ɗauke da shi: idan tambayar tsukakkiya ce kuma hirar ta yi zurfi, mutane kaɗan sun wadatar.

## Tantance bayanai

Ana fara da rubuta duk abin da aka naɗa kalma bayan kalma, aikin da ke cin sa'o'i da yawa a kan kowace sa'a ɗaya ta hira. Sannan a karanta a riƙa sanya wa kowane yanki laƙabi, kamar "tsoron sabo da magani" ko "ɓoye ciwo a wurin aiki". Daga laƙuban ake haɗa jigogi. Manhajoji irin su NVivo da ATLAS.ti suna taimakawa wajen tsarawa da nemowa, amma fassarar aikin mai bincike ce.

Hanyoyi uku sun fi yawa a wannan fanni. Ta farko ita ce fitar da jigogi, wadda Virginia Braun da Victoria Clarke suka tsara mata matakai shida a 2006. Ta biyu ita ce hanyar jadawali ta Jane Ritchie da Liz Spencer, wadda aka buga a 1994: kowane mahalarci yana da layinsa, kowane jigo yana da gurbinsa, abin da ke sauƙaƙa aikin tawagar da ta haɗa likitoci da masana zamantakewa. Ta uku ita ce hanyar Glaser da Strauss, inda tattara bayanai da tantancewa ke tafiya tare, abin da aka gano a hirar yau shi ke nuna wanda za a nema gobe.

Ana kuma haɗa sakamakon bincike da yawa a fitar da bayani guda. George Noblit da Dwight Hare ne suka fito da sananniyar hanyar yin haka a 1988.

## Muhimman abubuwan da aka gano

Shan magani. An daɗe ana ɗaukar rashin shan magani a matsayin mantuwa ko jahilci. A 1985 Peter Conrad ya yi hira da mutum 80 masu farfaɗiya a Amurka, ya tarar cewa da yawansu da gangan suke rage magani ko su dakatar da shi, don su gwada ko ciwon yana nan, ko don gudun dogaro da ƙwaya, ko don kada a gane su. A 1997 Stephanie Adams da Roisin Pill da Alan Jones sun sami makamancin haka ga masu asma a kudancin Wales. Waɗanda ba su yarda cewa su masu asma ba ne suna amfani da maganin shaƙa mai buɗe ƙirji idan abin ya taso, amma suna ƙin na rigakafi na kullum, domin shan sa tamkar amincewa ne da sunan ciwon. A 2005 Pandora Pound da abokan aikinta suka haɗa bincike 37, suka kammala da cewa babban abin da ke hana mutane bin umarnin likita shi ne damuwarsu game da magungunan kansu, kuma sau da yawa ba sa gaya wa likita sauyin da suka yi.

Hawan jini. A 1980 Dan Blumhagen ya nuna cewa majinyata da dama a Amurka sun ɗauki hawan jini a matsayin ciwon yawan damuwa. A 2012 mujallar BMJ ta buga nazarin da ya haɗa bincike 53 daga ƙasashe 16, wanda Iain Marshall ya jagoranta. A ƙasashe da al'adu daban-daban, mutane sun danganta ciwon da damuwa, sun ce suna gane hawansa ta ciwon kai ko jiri, kuma sukan ajiye magani idan alamun suka gushe. A wurin likitoci kuwa, hawan jini yawanci ba ya nuna alama har sai ya yi ɓarna. Darasin shi ne takardar wayar da kai kaɗai ba ta isa ba, sai likita ya tambayi abin da mutum ya riga ya yi imani da shi.

Ciwon suga da al'ada. A 1998 Trisha Greenhalgh da Cecil Helman da Mu'min Chowdhury sun yi nazari a kan mutum 40 'yan asalin Bangladesh masu ciwon suga a gabashin Landan. Mahalartan suna karkasa abinci ta fuskar ƙarfinsa da sauƙin narkewarsa, saɓanin rabe-raben da ke cikin takardun asibiti. Binciken bai sami hujjar cewa sun sallama wa ƙaddara sun bar neman lafiya ba, kamar yadda wasu ma'aikata ke zato. Yawancinsu suna son gyara cimarsu, kuma matsin gidaje, da ƙarancin kuɗi, da rashin tsaron tituna sun hana su motsa jiki gwargwadon yadda al'ada ta hana, ko ma fiye.

Tarin cututtuka a jikin mutum ɗaya. Wani binciken ƙididdiga na 2012 a asibitocin likitan iyali 314 na Sikotland ya nuna cewa kimanin kashi 23 cikin 100 na mutane suna da ciwo mai daɗewa fiye da ɗaya, kuma a unguwannin talakawa hakan na farawa shekara 10 zuwa 15 kafin na masu hali. Binciken fahimta ya bayyana yadda abin yake a aikace. Nazarin da Carol Sinnott da abokan aikinta suka haɗa a 2013 ya nuna likitoci na kokawa da jagororin jinya da aka rubuta don ciwo ɗaya ɗaya, da rarrabuwar kulawa tsakanin asibitoci. Daga ɓangaren majinyata aka samu batun nauyin jinya, wato wahalar da magunguna, da awo, da zirga-zirgar asibiti ke ɗora wa mutum ban da ciwon kansa. Carl May da Victor Montori da Frances Mair sun yi kira a 2009 da a riƙa rage wannan nauyi.

Kwamfuta a ɗakin jinya. Daga 2004 Birtaniya ta fara biyan asibitocin likitan iyali ƙarin kuɗi bisa ma'aunai irin su awon jini da na suga. Deborah Swinglehurst da abokan aikinta sun naɗi bidiyon ganawar nas da majinyata tare da abin da ke kan allon kwamfuta, suka nuna a 2012 cewa fom ɗin da ake cikewa ne ke tsara hirar, har damuwar da majinyaci ya zo da ita takan rasa gurbi idan nas ba ta yi dabara ba.

## Amfani a gwaji da tsara manufofi

Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta fitar da jagora a kan gwajin tsare-tsaren jinya masu sassa da yawa a 2000, ta sabunta shi a 2008 da 2021. Jagorar ta ba binciken fahimta gurbi kafin gwaji, don a tsara abin da mutane za su karɓa, da lokacin gwaji, don a san ko an aiwatar da shi yadda aka tsara, da bayansa, don a gane dalilin nasara ko faɗuwa. Tun 2015 akwai tsarin GRADE-CERQual na auna yawan amincewar da za a yi wa sakamakon irin wannan bincike, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na amfani da shi wajen rubuta wasu jagororinta.

## A Afirka ta Yamma

A 2005 Ama de-Graft Aikins ta buga bincike a kan masu ciwon suga a birane da karkarar Ghana. Ta tarar cewa yawancinsu sun fi amincewa da maganin asibiti, kuma tsadar magani da ta abincin da aka ba su shawara ce ke tura su neman waraka wurin masu maganin gargajiya da na addini.

Inda ake hira da wani harshe a rubuta rahoto da Turanci, fassara na iya ɓatar da ma'ana. A Hausa, alal misali, sunan "ciwon suga" yana karkata hankali ga zaƙi kaɗai, alhali tuwo da shinkafa ma suna ɗaga suga a jini, kuma kalmar "tunani" da ake dangantawa da hawan jini ta ƙunshi damuwa da baƙin ciki da nauyin iyali. Shi ya sa ake so a tantance bayanai a harshen da aka yi hirar kafin a fassara. Kunya tsakanin maza da mata ko tsakanin surukai tana shafar wanda za a haɗa a rukuni ɗaya, kuma azumin Ramadan batu ne da ke tasowa a hira da Musulmi masu shan magani kullum.

## Matsaloli da suka

Babbar sukar da ake yi ita ce mahalarta kaɗan ne, kuma ra'ayin mai bincike na iya rinjayar fassara. Masu wannan fanni suna amsawa da cewa manufar ita ce bayyana yadda abu ke faruwa, ba auna yawansa ba, kuma binciken da aka yi da kyau yana bayyana yadda aka zaɓi mutane, da wanda ya yi hirar, da misalan da suka saɓa wa sakamako. A 2007 Allison Tong da abokan aikinta a Ostireliya suka fitar da jerin abubuwa 32 da ya kamata rahoto ya ƙunsa, wanda ake kira COREQ, ko da yake wasu masana na ganin cike jerin ba ya tabbatar da zurfin tunani.

Matsayin mai hira ma yana da tasiri. A 2000 Helen Richards, likitar iyali, da Carol Emslie, masaniyar zamantakewa, sun kwatanta hirarrakin da kowaccensu ta yi a kan ciwon zuciya a yammacin Sikotland, suka ga cewa mutane na yi wa likita magana da salo dabam, har sukan mayar da hirar neman shawarar lafiya. Idan likita ne ke hira da ɗan'uwansa likita kuwa, mai amsa kan ji kamar jarrabawa ake yi masa. Saboda haka ba a so likita ya yi hira da majinyatan da yake dubawa, domin zai yi musu wuya su ƙi shiga ko su soki kulawarsa. Akwai kuma batun sirri: a ƙaramin gari, cire suna ba ya hana a gane mai labari.

Wata matsalar ita ce waɗanda suka fi buƙatar a ji su, kamar tsofaffin da ba sa iya fita, da marasa gida, da waɗanda suka daina zuwa asibiti, su ne suka fi wuyar samu. A 2016 masana 76 daga ƙasashe 11, da Greenhalgh a gaba, sun rubuta wa editocin BMJ buɗaɗɗiyar wasiƙa suna ƙorafin cewa mujallar na mayar da irin wannan bincike bisa hujjar cewa ba shi da fifiko. Editocin sun amsa cewa ba za su ware masa kaso na musamman ba, za su ci gaba da duba kowace maƙala bisa tambayar da take amsawa.

## Duba kuma

* Hawan jini
* Ciwon suga
* Kiwon lafiya a matakin farko